Zalɓe Mai Ƙafar Aro

"Lafiya lau muka kwana, Anti Rhoda, sai gajiyar hanya. Ina angon nawa? Ko ya sake sulalewa rafi wurin 'yan matansa masu fukafukai?"

"Ga ni nan, sarauniyar surutu," in ji Baba daga ƙarƙashin mangwaro. "Tun daga bakin titi nake jin ƙwas-ƙwas ɗin takalminki, na ɗauka akuyar maƙwabta ce ta hau kwano."

Hephzibah ke nan, 'yar yayana Bitrus, ta faɗo mana gida a Romi ranar wata Asabar da hantsi, rungume da wani faffaɗan abu da aka naɗe da takardar siminti. Ina tsakar gida ina rege acca. Da na ga abin da ta rungumo sai na ture ƙwaryar gefe, don na san yau ba za a ci abinci da wuri ba. Ita da kakanta in suka haɗu, ko fasto ne ya zo gaisuwa sai ya nemi kujera ya jira su gama.

Baba Istifanus mahaifina ne. Duk wanda ya yi aikin masaƙa a Kakuri, da wuya a ce ba Baba ne ya ɗauke shi fasfo ba. Amma hoton mutane hanyar abinci ce kawai a wurinsa, abin da ransa ke so tsuntsayen ruwa ne. Zamanin soja ya naɗe doguwar kyamararsa ya tura ƙarƙashin gado, don a lokacin wanda aka gani a bakin kogi da abu mai kama da bututu sai ya yi dogon bayani. Da farar hula suka karɓi mulki, mutane na ta murnar za a gyara hanya a kawo wuta, shi kuwa ya jawo akwatinsa ya kakkaɓe. Tun daga ranar wandonsa bai sake rabuwa da laka ba, kuma ni ce mai wankin.

Sai ido ya zo ya ci amanarsa. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama ya riga ya rufe. Na hagu saura ɗan wuri, kamar mai leƙe ta ramin makulli, shi ma kullum ƙara tsukewa yake yi. A haka ya je ya ɗauko hoton wani zalɓe da ya daɗe yana fako a rafin Romi. Aka wanko hoton ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu ba. Ya juya shi nan, ya juya shi can, bai ga komai ba sai duhu. Shi ne ya ba Hephzibah nagetif ɗin, tunda tana aikin gyaran hotuna da kwamfuta a wani situdiyo a Sabon Tasha, ya ce ta buɗa masa shi ya yi girma. Ba adon falo yake nema ba. So yake ya gani da idonsa ko ya samu abin da ya je nema, tun idon bai gama rufewa ba.

"To miƙo mana," ya ce. "Kin tsaya kin ƙanƙame shi kamar jaririn da aka kawo a sa wa albarka."

"Ba gaisuwa, ba 'amarya kin sha hanya'? Gaskiya na yi asarar miji. Tony in ya gan ni, miƙewa yake ya ba ni kujera har ya goge ta da hankicinsa."

"Wane Tony? Mai babur ɗin nan da sai an tura? Ki gaya masa in na sake jin hon ɗinsa a ƙofar gidan nan, gaban dattawan coci zan kai shi. Matar mutum yake bi da rana tsaka."

"Matar da ba ka taɓa saya wa ko ɗankunne ba."

"Kunnen da ba ya jin magana me zai yi da ɗankunne?"

"Anti, kin ji shi ko? Ki zama shaida. Ranar da na kwashe kayana kada wani ya zo biko."

"Wane kaya? Da ledar biredi kika zo gidan nan, da ita za ki koma."

"Abeg, tsoho, goge hannunka tukuna. Aikin kwamfuta ne wannan, ba irin naku na shiga ɗaki mai duhu ana jiƙa takarda a ruwa mai wari ba. Sai da Oga Albert mai situdiyonmu ya bar kwastoma ya zo ya tsaya a bayana, ya ce, 'Dis one na for magazine.'"

"Albert ɗin da na koya wa sa fim a kyamara? Har yau in ya ɗauki mutum a tsaye sai ya yanke masa kai ko ƙafa."

Ta zauna a kan turmi ta warware takardar a hankali, tana yi tana kallonsa ta gefen ido. Ni dai da abin ya bayyana ban san lokacin da na ce "Kai!" ba. Firem ne mai ruwan zinariya. A ciki ga wani tsuntsu fari sol, dogon wuya, tsaye cikin ruwa shuɗi mai sheƙi, da ƙaton kifi a baki. Ko a kalandar da ake rabawa lokacin Kirsimeti ban taɓa ganin mai kyansa ba. Na ji daɗi har cikin raina, na ce yarinyar nan ta fitar da mu kunya.

Baba ya karɓa, ya ja kujerarsa zuwa inda rana ta fi ƙarfi, ya ɗora firem ɗin a gwiwa. Ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa gilashi, ya fara bin hoton kaɗan-kaɗan daga gefe, don haka yake ganin komai yanzu.

"Amarya."

"Na'am, ango."

"Wannan ruwan na ina ne?"

"Na rafin Romi mana."

"Rafin Romi? Yaushe gwamnatin farar hula ta zuba masa bula ban ji a rediyo ba?"

"Ruwan naka fa kamar kunun gyaɗa yake. Wa zai rataya kunu a bango?"

"A cikin kunun nan aka yi wa ubanki baftisma, bai ce ya yi kauri ba."

"A kogin Kaduna aka yi masa, shi ya gaya mini."

"Duk kunu ɗaya ne, tukunya ce daban."

Ya matsa sama, ya kai kan wuyan tsuntsun. Sai ya ɗago ya dube ta da idon nan ɗaya.

"Wannan farin kuma ɗan gidan wane ne? Na aike ki da zalɓe, kin dawo mini da balbela ranar ɗaurin aurenta."

"Toka-toka ya fito kamar wanda ya kwana a murhu. Na ɗan yi masa wanka ne."

"Wanka ko bilicin?"

"Amare nawa na gyara haka? Ba wadda ta taɓa dawowa da ƙara. Wata ma har miyar kaza ta aiko mini."

"Ai shi ya sa anguna ke shan mamaki. Mutum ya duba bango ya ga wata, ya duba kicin ya ga wata."

"Kai ma da ka zo na gyara ka, da yanzu zumuntar mata na layi a ƙofar gidan nan."

"Ba sai kin gyara ni ba suke layi. Tambayi Rhoda wa ke kawo mini gwate duk Lahadi."

Na ce kada su sa ni a ciki, gwaten tausayi ne. Duk biyun suka taso mini a tare.

Ya ci gaba da bin hoton har ya iso bakin tsuntsun. Nan ya fashe da dariya, har firem ɗin na rawa a gwiwarsa.

"Yesu mai ceto! Wannan fa? Abin da na ji ya cafka ɗan ƙaramin karfasa ne, bai wuce yatsuna biyu ba. Wannan ai giwan ruwa ne. In ya haɗiye wannan, sai mun ɗauke shi a babur ɗin Tony mun kai asibiti."

"Na ƙara masa ne don mutuncinka. Kada a ce mijina matsiyatan tsuntsaye yake bi."

"Ja'ira." Ya shafa gilashin da ɗan yatsa, yana neman wani abu. "Amma fa hannunki na da kyau, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba. Na nemi inda kika yi ɗinkin ban gani ba. Mu a zamaninmu in za mu cire wa mutum ƙurji, da bakin allura muke kankarewa, kuma duk wanda ya duba sai ya gane."

"Maimaita, Anti ba ta ji ba."

"Ban ce komai ba. Tari na yi."

Hephzibah ta gyara zama tana fari da ido, ni ma ina ta murmushi. Baba ya gangara ƙasa, ya bi ƙirjin tsuntsun, ya bi cikinsa, ya sauka inda jiki ke haɗuwa da ruwa. A nan dariyar ta tsaya masa. Ya daɗe a wurin. Ya goge idonsa da bakin riga ya sake sunkuyawa.

"Rhoda, zo ki duba mini. Ƙafa nawa kike gani?"

Na leƙa. "Biyu, Baba."

"Biyu." Ya juya wajen jikarsa. "Ina kika samo ta biyun?"

"Fim ɗinka ne bai kama ta ba, wani ɗan guntu kawai ya fito. Sai na kwafi mai kyan, na juya ta, na manna a gefe, har inuwarta na yi mata a cikin ruwa. Ita ta fi ba ni wahala a duk aikin. A shagonmu ba mai fita da nakasa. Ango ya taɓa zuwa mana da giɓi, na cike masa. Wata uwar amarya ido ɗaya ya—"

Ta katse maganar da kanta, amma ta riga ta fita.

"Ƙarasa mana," in ji Baba, ba tare da fushi ba. "Kin ara mata na maƙwabciyarta."

"Kaka, ba haka nake nufi ba."

Tunda ta shigo, sai yanzu ta kira shi Kaka. Ya jingina da kujera.

"Fim bai yi ƙarya ba, amarya. Ƙafarsa ɗaya ce. Zaren fatsa ne ya naɗe masa ɗayar. Ina gani ta kumbura, ina gani ta bushe, ban iya kama shi na kwance masa ba. Ya ɓace, na ce shi ke nan, ya mutu a cikin ciyawa. Da ruwa ya ja baya sai ga shi ya dawo da dungu. Sauran zalɓe takawa suke yi cikin ruwa suna bin kifi, shi ba ya iyawa. Sai ya nemi wuri ɗaya, inda rafin ya yi kwana ruwan bai da zurfi, ya tsaya a nan yana jira kifi ya zo da kansa. Kuma yana ci, bai rame ba. Ba don fari ko shuɗi na bi shi ba. Zalɓe mai ƙafa biyu ai ko'ina akwai."

Ya sake sunkuyawa, wannan karon gefen hagun tsuntsun, yana bin ruwan da yatsa sama da ƙasa.

"Ina karan?"

"Wane kara?"

"Karan dawa, a tsaye cikin ruwa dab da shi, da ɗan farin tsumma a ɗaure a kansa."

"Au, wannan dattin? Shi na fara gogewa, shi da wata baƙar leda."

Ni na san tsumman nan. Daga tsohon farin ɗankwalina ya yage shi, har muka yi kwana biyu ina ba shi abinci ba magana. Ban dai taɓa tambayar abin da ya yi da shi ba, don na ɗauka rigimar tsufa ce.

"Ba datti ba ne," ya ce. "Idona ne kika goge. Kin ga, in na leƙa cikin kyamara yanzu ba na iya saiti, komai dishi-dishi yake. To tun ina ɗan gani na je na kafa karan nan daidai inda yake tsayawa. Na sa masa farin tsumma don shi nake iya hangowa. Na saita gilashin a kan karan da rana tsaka, na naɗe shi da filasta kada ya motsa. Inda ƙafafun kyamara ke zama na binne duwatsu, da tafin ƙafata nake lalubo su. Sai in shiga bayan zana tun gari bai gama wayewa ba, in riƙe 'yar igiyar dannawa, in saurara."

"Ka saurari me?"

"Shi. In ya sauka akwai ƙarar fiffike. Daga nan shiru, sauro na cin rabonsa, ba halin ka mare shi. In ya kai sara za ki ji tsulum. Ba a nan ake dannawa ba, kansa na cikin ruwa. Sai kin ɗan haɗiye numfashi, lokacin yana ɗagowa. Na ɓata fim ba iyaka. Wani na ɗauki ruwa zalla, wani na ɗauki saniyar Fulani da ta zo sha. Ran nan kuwa jikina ya ba ni cewa daidai ne." Ya ɗan buga gilashin da farce. "Da karan na nan, in na ga ya fito tar, tsuntsun kuma na kafaɗa da shi, na san na samu. Yanzu da me zan gane? Ruwan naki ne, farin naki ne, kifin naki ne, ƙafar taki ce. Kyakkyawan hoto ne, Allah ya sani. Ban dai san wanne ne nawa a ciki ba."

Na sha yi masa faɗa a kan lakar nan, na sha ce masa wata rana sai dai a tsamo shi daga rafi. Ban taɓa sanin abin da yake yi a can ya kai haka ba, kuma na ji kunya da alfahari a lokaci guda. Hephzibah kuwa idonta ya ciko, ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Zan sake, Kaka. Nagetif ɗin na nan. Sai dai babban injin bugawar yana cikin gari, kuma an kai shi gyara. Sun ce sai mako mai zuwa, ko na sama."

"Ba komai," ya ce, yana murmushin da bai kai ciki ba. "Allah ya kai mu, da ni da idon."

Ya miƙa mata firem ɗin. Ta karɓa ta kifa shi a cinyarta, kanta a ƙasa. Tana kallon bayan firem ɗin ne na ga ta yi zumbur, kamar an tsikare ta.

"Anti, ara mini wuƙa!"

"Rhoda, kada ki ba ta!" in ji Baba. "Daga gyaran hoto sai kisan miji? Ba abin da za ki gada sai bokiti da tabarma."

"Yi shiru, tsoho, kada in yanke hannu."

Na miƙa mata wuƙar yankan albasa. Ta shiga ɓanɓare ƙananan ƙusoshin bayan firem ɗin, tana magana da sauri.

"A shagonmu kafin a yi wa hoto kwalliya sai an fara buga na gwaji, a ga yadda girman zai zauna. Oga ba ya yarda a zubar da takardar. Ita muke sakawa a baya ta tokare hoton kada ya lanƙwashe. In dai ban manta ba..."

Ta ɗaga katakon baya. A ƙarƙashinsa ga wata takarda a kife, girmansu ɗaya da na gaban, an rubuta mata "gwaji" da jan biro. Ta zaro ta, ta juya, ta ɗora masa a gwiwa ba gilashi ba firem.

Ruwan kunun gyaɗa ne, kamar yadda ta ce. Ga baƙar leda ta maƙale a ciyawa. Ga tsuntsu toka-toka, ba wani kyan a zo a gani. Baba ya sunkuya, ya fara daga gefen hagu.

"Ga kara," ya ce a hankali. "Ga tsumman Rhoda. Har zaren da ya zazzago ina gani." Ya matsa. "Ga ƙafa. Ga dungu, ga shi nan, ɗan'uwana." Ya hau sama, ya bi wuya. "Ga ɗan karfasan a gicciye. Ku duba, ku duba ruwan da ke ɗiga daga bakinsa, ya tsaya a iska bai kai ƙasa ba!"

Sai ya tsaya a wuri ɗaya. Na leƙa ta kafaɗarsa. Idon tsuntsun yake kallo, rawaya, zagaye, ya fito tar kamar a taɓa.

"Rhoda," ya ce. "Na samu."

"Ka samu, Baba."

"Na gani da idona. Kada wani ya ce ba ni labari aka yi."

Ya goge fuska da tafin hannu, ya ja hanci, ya ce hayaƙin murhuna ne ke damunsa, alhali ko wuta ban hura ba. Can ya sake duban wurin, ya ɗaure fuska.

"Tsaya. Rana na bayansa lokacin da na danna. Kan nan a inuwa yake, ya kamata ya fito baƙi ƙirin. Wa ya fito da idon nan?"

"Ni ce," in ji Hephzibah, murya ƙasa-ƙasa. "Ba wani abu na yi ba. Na tsince ƙurar da ke kan nagetif, na ɗan ɗaga haske a kan kai da wuya, don na san duhu na ba ka wahala. Ban taɓa sauran ba."

"Ba wani abu ba? Mu da tafin hannu muke yin wannan a ɗakin duhu, ka tare haske nan, ka sake shi can, ka ɓata takarda bayan takarda, kuma da ƙyar ka samu rabin wannan. Da ba ki ɗaga hasken nan ba, da ni da idon nan ba mu haɗu ba. Kin yi aikin da ya fi na kowa, kin kife shi a baya kamar kwalin sabulu, kin kawo mini balbela a gaba. Anya kanki ɗaya?"

"Kan da ya yarda ya aure ka ai dama da sauran bayani."

"Ta dawo," ya ce da ni. "Na ɗauka wuƙar ta yanke mata harshe."

Ta durƙusa kusa da kujerarsa tana kallon hoton, kamar yau ta fara ganinsa.

"Kaka, tsakaninka da Allah, da kunne ka ɗauki wannan?"

"Da kunne da ɗankwalin Rhoda."

"Na yi ta kallonsa a kwamfuta ban ga komai ba sai abin gogewa." Ta girgiza kai. "Na sauka, ango. Yau kam ka kayar da ni. Ko Tony ya sayi mota ba zan bi shi ba."

"Rubuta mata wannan, Rhoda, gobe za ta musa." Ya gyara zama. "Shiga ɗakina, ƙarƙashin gado, ki ɗauko mini akwatin nan."

Na san akwatin, na kuma san ba ya bari kowa ya taɓa shi, ko shara zan yi sai dai in zagaye. Na ɗauko na ajiye a gabansa. Ya buɗe da lalube, ya fito da kyamarar da dogon gilashinta, filastar na nan naɗe a jiki. Ya riƙe ta ɗan lokaci a ƙirjinsa. Sai ya laluba kan Hephzibah ya rataya mata igiyar a wuya.

"Ga sadakinki. Kada in sake jin maganar ɗankunne."

"Kaka, a'a. Kai fa?"

"Ni na gama ganin abin da zan gani da ita. Amma akwai dinya da ke sauka can ƙasa wajen Gonin Gora, akwai wasu ƙanana masu tafiya a kan ganyen bado, duk ban ɗauka ba. Kukansu na sani, inda suke kwana na sani. Ranar Litinin tun da sassafe ki zo, kafin ki tafi wurin Albert. Ke ki duba, ni in saurara. Kuma ki bar wannan ƙwas-ƙwas ɗin a gida, kada ki kore mini rafi gaba ɗaya."

"Sauro fa?"

"Ai sun gaji da tsohon jini, ke suke jira."

"Wannan farin kuma ya zan yi da shi?"

"Kai wa Tony ya rataya. In ya tambaye ki ki ce haka za ki fito ranar aure, ya shirya."

Ta yi dariya tana share hawaye, ta ɗaga kyamarar da ƙyar ta auna shi da ita, ko riƙon ba ta iya ba tukuna.

"Kai zan fara ɗauka, a bakin rafin, kusa da karanka."

"Na yarda, amma da sharaɗi. In kin kai ni cikin kwamfutar nan taki, kada ki ara mini idon kowa. Ki bar ni da nawa yadda yake."

"Na ji. Haƙora fa?"

Ya shafa dasashinsa da harshe kamar mai nazari.

"Haƙora kam ki sa. Ki sa har da na zinariya guda, saboda masu gwate."

Suka kwashe da dariya su biyu, kyamarar na lilo a wuyanta, hoton zalɓen na kan gwiwarsa ya dafe shi da hannu kada iska ta ɗauka. Ni kuwa na jawo ƙwaryar accata, na goge idona da bayan hannu, don na riga na san daga Litinin wandon da zan riƙa wankewa ya zama biyu.